Takin da Na Zuba wa Ciyawar Mahaifiyarki

Barcelos, Rio Negro

Zuwa ga 'yata Jucilene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Edmilson da jikata Tainá. Allah ya tsare ku a wannan São Paulo taku mai hayaniya. Mu nan lafiya, ban da gwiwata da ke faɗa mini za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Dona Zuleide maƙwabciyarmu ce ke rubuta mini, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Kin tuna shekarar da kogi ya janye har jiragen ruwa suka kwanta kan yashi, wuta ta shiga dajin fadama? Kina ƙarama lokacin. A shekarar ce mahaifiyarki Dalvina ta shiga rafin bayan gidan kakanki, hayaƙi na cin idonta, ta ciro 'yar ciyawar ruwan nan mai laushi da take kira gashin tsohuwa. Bayan gobarar na zaga rafukan nan duka ina kamun piaba, 'yan kifayen adon nan da muke sayarwa, ban sake ganin irinta ba. Ita ce mahaifiyarki take rayawa a akwatin gilashin nan na kan tebur tare da 'yan kifayenta masu ja da shuɗi, kuma ita kika ce in yanko miki idan kun zo Kirsimeti, don Tainá ta samu abin kakarta.

To, ga abin da ya faru. Tun rasuwarta ciyawar take yin fari-fari, shi ya sa kika aiko da 'yar kwalbar takin nan. Na ji ki sarai a waya da kika ce ɗigo-ɗigo ake sawa. Amma a raina na ce wannan rowar mutanen birni ce, komai sai sun auna. Ni da na yi shekaru ina noman rogo, ban taɓa ganin shukar da ta ƙoshi da ɗigo ba. Sai na juye kwalbar gaba ɗaya. Da na ga ruwan bai ko canza launi ba, na ce wannan ba taki ba ne, ruwan ido ne, na ɗebo kashin kaji cikin tafin hannu na tura ƙarƙashin yashin akwatin.

Kafin mako ya zagayo ruwan ya zama kore shar, ba a ganin komai ciki, ga wari. Kifayen suka taso sama suna haki, na yi ta tsame su ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai tsira ba. Wani gansakuka mai yauƙi ya naɗe ciyawar, tana narkewa a yatsuna in na taɓa. Valdemiro, uban baftismarki, ya leƙo ya toshe hanci, ya ce wai ashe miya nake dafawa ban gayyace shi ba, a kawo masa garin rogo ya haɗa. Ya ce tsoho, kai da ka tsufa cikin baƙin ruwan kogin nan, yaushe ka ga kaza tana kashi a rafi? Na ce masa ya tafi ya gyara kwalekwalensa mai yoyo kafin ya koya mini ruwa. Amma da ya fita na sake duban akwatin. Gaskiyarsa ce. Ruwanmu ba ya ɗauke da komai sai ruɓaɓɓen ganye, kuma a cikin wannan yunwar ciyawar ta saba rayuwa. Mahaifiyarki ba ta taɓa ba ta komai ba sai ruwan rafi da hasken taga.

Har yanzu ina cewa da masu kwalbar sun yi ta babba da ban raina ta ba. Dona Zuleide ta ajiye biro tana hararata, amma ta rubuta.

Abin da ya rage reshe ɗaya ne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba, kansa kawai ke da sauran kore. Na wanke shi na sa a kofin gilashi. Ban so ki sauka daga jirgi da murna ki tarar da akwati wayam, shi ya sa na ce gara ki ji daga bakina.

Ki gaishe da Edmilson, ki shafa mini kan Tainá, kada ki gaya mata tukuna. Gwaggonki Iracema tana gaishe ku, haka ma Valdemiro, duk da ba ma magana sosai.

Gobe da sassafe, kafin in sha kofi, zan tura kwalekwale zuwa rafin sama inda ruwa ya fi duhu, in ciko jarka biyu, in tsinto busassun ganye daga ƙasan ruwa. Zan wanke akwatin tas, in zuba sabon yashi, in dasa reshen, sannan in ɗaure hannuna a baya. In ya fitar da sabon ganye kafin Kirsimeti, na Tainá ne. In bai fitar ba, ku zo duk da haka.

Mahaifinki,
Aristeu