Biyu Cikin Goma

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Kwana goma sha tara ke nan da faɗuwar Malam. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita. Naman da ya bari a firigo, wato firji, ya ƙare jiya, dole na tafi kasuwar Saint-Michel da ƙafata. Shekara goma sha huɗu ina soya sambusa da bulet, ƙwallayen niƙaƙƙen nama, a Zongo, ban taɓa tsayawa gaban mahauci ba. Shi ke zuwa duk Litinin, ya dawo da kilo goma niƙaƙƙe. Nawa dai albasa da yaji.

Djibril mahauci ya gane ni. "Iyalin Malam Abdulƙahar ko? Yaya jikin nasa?" Na ce da sauƙi. Ƙarya na yi.

Ya ce, "Kamar yadda ya saba? Takwas jan nama, biyu kitse?" Na dubi farin kitsen nan jibge a kan katako, na tuna dokita yana nuna mini hoton kan Malam, yana cewa jijiya ce ta toshe. Na ce ko ɗigo kada ya sa mini. Ya kunna inji.

Talata, 8 ga Oktoba

Bulet sun ƙi dunƙuluwa. Ina sa su a mai suna wargajewa. Na ƙara ƙwai, na ƙara fulawa. A baki kamar dusa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Chérifa mai gidan abinci a Sainte-Rita, wadda ke ɗaukar sambusata kullum, ta zo da kanta da rabin na jiya a leda. "Maman Ni'ima, direbobi sun ce kwali suke tauna." Na ce mata kitse kashe mutane yake. Ta ce, "Ni ba asibiti na buɗe ba." Ta ba ni mako biyu.

Ban raka ta ƙofa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Malam ya ƙi cin abinci. Ba gishiri, ba mai, kamar yadda aka rubuta. Cokali uku, sai ya juya fuska bango. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Jan nama zalla. Djibril bai ma tambaya ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ina kwaɓa nama a bakin ƙofar ɗakinsa bayan azahar, sai na ji yana buga kofi a jikin gado. Na ɗauka ruwa yake so. Ashe kwanon yake nunawa. Na kai masa. Ya dangwala babban yatsan hagu a ciki, ya murza, ya duba: ba maiƙo. Ya dube ni. Ya ɗaga yatsu biyu.

Ban san lokacin da na ce, "Biyun nan ce ta kwantar da kai, Malam!" ba. Da ƙarfi, har maƙwabta suka yi tsit. Bai sauke hannun ba. Miyau na zuba ta gefen baki, yatsun suna tsaye. Na ɗauke kwanona na fita.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Sai yau da ba zai iya ramawa ba. Allah Ka yafe mini.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Mun koma asibiti. Maza biyu suka ɗauke shi zuwa mota, ruwan sama ya cika lungu har idon sawu. Na tambayi dokita gaba da gaba ko naman sana'armu ne ya jawo. Ya ce kitse ba ya rasa laifi, amma tansiyo ce, hawan jini na shekaru, kuma Malam ya bar shan ƙwayarsa tun bara. Tun bara! Ni da nake gida ɗaya da shi ban sani ba.

Na ce hannun fa? Ya gyara takardun gabansa ya ce, "Madam, a yi ta motsa shi dai."

Na gane. A hanya ban sami abin da zan tsana ba. Da kitsen ne, ai da sauƙi.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na daɗe gaban katakon Djibril. Ya ce, "Hajiya, rana na yi." Na ce a raba biyu: na bulet biyu cikin goma, na sambusa ɗaya da rabi, tunda shi a mai yake iyo. Ya ce Malam bai taɓa rabawa ba. Na ce na sani. Na sa hannu na ture wani yanki mai rawaya-rawaya da bai yi mini ba. Ya canza.

Laraba, 30 ga Oktoba

Chérifa ta aiko a ƙara mata. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Na gutsura masa rabin bulet, na sa masa a hannun hagu. Ya daɗe yana taunawa da gefe ɗaya, idonsa a rufe. Ba zan faɗa wa dokita ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wuta ta ɗauke tun hantsi. Kilo uku sun canza launi, na zubar.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Kilo goma sha biyu yau. Na dawo, na rarraba a leda, na jera a firigo, na shafa masa man zafi a kafaɗa. Sai bayan la'asar na tuna ban gaya masa yadda na sa aka haɗa naman ba. Shi ma bai buga kofi ba.

Yaya Asiya, yayarsa, ta zo da yamma. Ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce babur ɗin Malam yana ta tsatsa a zaure, ko za a ara wa mijin 'yarta ya riƙa zuwa aiki. Na tashi na zaro makullin daga aljihun rigar da ya faɗi da ita. Na miƙa mata. Ta tsaya riƙe da shi tana kallona, kamar tana jiran in ƙara wani abu.

Sai da ta fita na gane abin da take jira. Ban ce "kafin ya warke" ba.

Albasa ta kusa ƙarewa. Gobe da sassafe.