Awon Aikin Baba Gana

Haɗeja, Laraba

Zuwa ga matata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya karatu da zaman makarantar jinya? Mu nan lafiya lau. Na aiko wannan takarda ta hannun Tasi'u direba, domin abin da ke cikinta ya fi ƙarfin waya.

Kin tuna bara injinan ban ruwa da muke ƙerawa sun yi ta yoyo, manoman fadama suna dawo mana da su, saboda yashin kogi yana cinye robar da ke tare ruwa. To, injiniyoyi sun sake zanen gidan robar. Ɗan sassaucin da ake yi wa mai sassaƙa ƙarfe a da an rage shi, yanzu bai kai kaurin gashi ba.

Aka turo mini sabon zanen in sa wa na'urar awo, wadda kika gani tana taɓa ƙarfe da allurarta mai jan kai. Ita ba ta san kowa ba, zanen da ke cikin kwamfutarta kawai take bi. Na cire tsohon na sa sabo, na bi duk wuraren da allurar za ta taɓa na haɗa su da sabon zanen, na sa ta zagaya ba komai a kai don kada ta yi karo. Sannan na ɗora aikin makon nan. Abin da ya yi daidai kore yake fitowa, wanda ya kauce kuma ja. Ummu, duk ja ya fito, kuma duk aikin mahaifinki ne, Baba Gana, shi ya sassaƙa su.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Sunusi

Haɗeja, Lahadi

Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata zazzaɓin ya sake ki. Ki riƙa cin abinci.

Na so ƙwarai a ce kuskuren nawa ne. Na sake saita allurar, na sake duba inda awon yake farawa, na bar ƙarfen ya huce a ɗakin sanyi ko zafi ne ya buɗa shi. Ba abin da ya canja. Na ɗora aikin Shu'ibu, wanda Baba ya koya wa sana'ar, ya fito kore.

Kin san idon Baba ya daɗe yana raguwa, ko da yake ba mai faɗa a gida. Tsohon zanen ya rufa masa asiri, wannan kuwa ba shi da wurin ɓuya.

Zan gaya miki gaskiya, na buɗe wurin da ake rubuta sassaucin, na daɗe ina kallonsa. Lamba ɗaya zan canja, komai ya koma kore, kuma ba wanda ya iya karanta tsarin a masana'antar sai ni. Amma a hanyata ta zuwa aiki nakan ga mutanen da suka dasa shinkafa suna jiran injinan nan. In suka yi yoyo a tsakiyar rani, gonakinsu ne za su ƙone. Na rufe ban taɓa ba, kuma ban ji wani daɗi ba.

Jiya Baba ya shigo ɗakin awo, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce in ɗora aikinsa ya gani. Na yi ta kame-kame, ya ce, “Ɗora kawai, ɗana.” Ya matso da fuskarsa dab da kwamfutar har jan ya gama fitowa. Ya tambaya ko na'urar tana kuskure. Na ce wani lokaci. Ya ce, “Yau fa?” Na kasa ɗaga kai. Ya ce madalla, ya fita.

Gobe manaja yake son sakamakon.

Naki,
Sunusi

Haɗeja, Juma'a

Matata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya kuma jarrabawa ta zo da sauƙi.

Na kai wa manaja sakamakon. Na roƙe shi a mayar da Baba kan aikin da ba ya buƙatar kaifin ido, ko ya zauna yana koya wa sababbi, manaja kuma ya yarda. Sai dai kafin a kira shi, Baba ya riga ya goge injinsa tas, ya miƙa wa Shu'ibu kayan aikinsa, ya yi sallama da kowa. Ya ce shi ba zai zauna a inuwa ana ba shi albashi don tausayi ba.

An sake sassaƙa waɗanda suka fito ja, injinan sun fita wannan makon. Manoma sun zo da keke mai ƙafa uku suna ɗiba, har wani daga Jahun ya shigo ya yi mini godiya. Ban san abin da na amsa masa ba.

Bayan masallaci na je gidanku gaishe da Baba. Na tarar da shi a zaure yana lalubar zaren komar kamun kifin maƙwabcinsa, wai yana taya shi gyara. Inna ta ce tun ranar bai cika magana ba, abinci ma sai ta matsa. Ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce na yi abin da ya kamata, in da na yi akasin haka da ya raina ni. Amma duk zaman nan da Injiniya ya riƙa kirana, kamar baƙo. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Da zan tafi ya ce kada in gaya miki komai sai kin gama jarrabawa. Bai san kin riga kin sani ba. In kin kira shi, ki tambaye shi lafiya kawai, ki bar shi ya ce miki aiki na tafiya daidai.

Ki dawo da wuri in an yi hutu. Gidan nan ya yi mini shiru.

Ni ne mijinki,
Sunusi