Rabon Samson

Ni Esta Bitrus ta Zawaciki, da hankalina nake rubuta wannan, a watan Maris na 2008. Ciwon yana ƙirjina ne, bai taɓa kaina ba, kada wani ya ce zafin jinya ne ya yi magana.

1. Gidan nan na 'yata Lidiya ne, ita ta yi jinyata. Keken ɗinkina da filin Hotoro na matar ɗana marigayi Yusufu ne da 'ya'yansa biyu.

2. Samson, kai ne babba, ka karanta wannan a tsaye. Shekara ashirin da biyu ina wanke fata a kamfani a Challawa, har magani ya cinye mini farce, don ka koyi gyaran na'urorin jirgin sama. Ka koya. Ka san ƙararrawar da ke gargaɗin matuƙi idan jirgi ya kusanci ƙasa. A wani jirgin da kake gyarawa tana ta ƙara ba dalili, matuƙa suka yi ƙorafi, manyanka suka ce babu kayan gyara sai wani wata. Ka cire mata wuta, ka sa hannu cewa lafiya lau. Bayan kwana tara ka samo wa ƙanenka Yusufu tikiti mai rahusa zuwa Legas, a jirgin.

Cikin hadari na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta ta saki aiki. Jirgi yana gangarowa, matuƙan ba su sani ba, abin da zai gaya musu kuwa ka kashe shi. Jirgin ya faɗi da Yusufu a ciki. Masu bincike sun ɗora wa matuƙan da suka mutu laifi. Kai da bakinka ka durƙusa a ɗakina ka ce, "Mama, ni ne. Ki yafe mini." Na ce ka tashi, tuwo zai huce. Ka ɗauka yafiya ce. Ba ita ba ce.

3. Rabonka yana ƙasan akwatina: takalmin Yusufu na hagu, shi kaɗai aka ba ni. Kada ka binne shi, kada ka ba kowa ajiya.

4. Kada ka ɗauki akwatin gawata. Maƙwabcinmu Malam Inuwa zai samo mutane.

5. Lidiya, gabar da kike yi da wanki Samson ta isa. Ba na son a kore shi, kora hutu ce gare shi. Kowace Kirsimeti ya zo, a zaunar da shi tsakanin 'ya'yan Yusufu, a fara zuba masa. Kada kowa ya gaya wa yaran komai. Ran da suka tambayi yadda babansu ya mutu, a nuna musu shi, ya amsa.

Ubangiji ya yi muku albarka, ya tsare jikokina, ya haɗa kanku a gida ɗaya. Kai kuma Samson, ina roƙa maka tsawon rai da lafiyar kunne.