Wani Tsoho Mai Kwat a Madadin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma leƙo mu a shago tana faɗa a kan ɓarnar ƙusa.

Yaya, maganar shafin intanet ɗin da ka dage a yi wa shagonmu ce ta sa na rubuto, kuma wallahi raina a ɓace yake. Na zaga kamfanoni, ban tsinci komai ba sai Turanci da sanyin ofis, sai na tsaya a kan na abokin nan naka Mai Gilashi, tunda kai ka yabe shi. Na kai masa hotunan gadaje da kabad da muka yi, da na Baba, Allah ya jiƙansa, yana tsaye da zarto a hannu.

Da ya kira mu ganin samfuri, na tafi da Inna. Hotunan wasu fararen kujeru masu ƙafar ƙarfe ya kwaso a intanet ya zuba a shafin, irin waɗanda ko a mafarki ba mu taɓa yi ba. Na daure. Sai ya gangaro wurin tarihin shago. Ga sunan Baba ɓaro-ɓaro, amma a samansa hoton wani tsoho ne mai kwat yana washe haƙora. Wai rigar Baba duk garin katako, za ta kori masu saye, kuma wai kowa haka yake yi. Mai Gilashi yana faɗa yana juyi a kujera, ko kunya babu. Tir! Inna da ba ta karatu ta tambaye ni wane ne wannan, me aka rubuta a ƙarƙashinsa. Na faɗa mata. Ta gyara mayafinta ta fita.

Na karɓe hotunanmu. Ka yi haƙuri, ko abotarku za ta yi tsami ba zan ba shi aikin nan ba. Zan nemi wanda zai tako shago ya ɗauki abin da hannunmu ya yi. Kai kuma ka kira Inna. Magana ɗaya ta yi a hanya, ta ce ashe in mutum ya mutu har fuskarsa ana iya ƙwace masa, ƴaƴansa suna kallo.

Ka gaishe min da Anti da ƴan biyu. Kawu da Gwaggo da Auta suna gaishe ka.

Naka,
ƙaninka na shago.