Kunkurun Littafina Ba Ya Ɗingishi

Da sunan Allah. Ni mahaifinku, tsohon malamin makaranta, na rubuta wannan da hankalina garau, ko da yake ƙafafuna sun daina kai ni ko bakin ƙofa.

1. Keken rubutuna na Auta ne. Litattafan da ke kan kanta a kai wa yaran ajin da a dā nake koyarwa kyauta a bayan kasuwa. A bar su su karanta har bangon ya yage.

2. Bargon nan mai ruwan toka na Babba ne. A ƙarƙashinsa kuka kwanta ku uku cikin motar kaya ranar da muka gudu, bayan an kama abokan aikina saboda abin da muka koyar. Kada a yar da shi don ya tsufa.

3. Littafina na yara, labarin iyalan bushiya da shaho ya kora daga raminsu, ku ci gaba da buga shi. Na rubuta shi ne don yaron da aka tasa daga gidansu ya san ba laifinsa ba ne. Amma kada a ƙara masa hoto ko bayani a kan kunkurun da ya ɓoye su. Kun san kunkurun nan mutum ne, wanda ya ɓoye mu. Yana can har yau, jikokinsa suna bin titin da muka bari.

4. Baƙon nan mai kyamara, wanda ke son mayar da littafin fim, ban yarda da shi ba. Fara'arsa ta yi yawa. Yana kawo wa jikokina alewa, ya zauna da su a tsakar gida ya daɗe. Zuwansa na ƙarshe ya tambaye ni, yana dariya, ko kunkurun har yanzu yana ɗingishi. Ku buɗe littafin ku duba. Kunkuruna ba ya ɗingishi, da gangan na miƙe masa ƙafa. Wanda ya san da ɗingishin nan, ko dai ya ga mutumin da idonsa, ko ya ji daga gidan nan. Ku ba shi ruwa, ku raka shi ƙofa, kada ku bar shi da yara.

5. Likita 'yata, na san kina zargin yayanki da sakin baki, shi kuma yana zargin mijinki. Ni ma na yi ta juya abin a raina, ban gano ba. Ku bari haka. Da irin wannan zargin aka watsa unguwarmu ta dā, maƙwabci yana kallon maƙwabci, tun kafin a turo soja ko ɗaya.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai son karatu. Ku riƙa cin abinci tare. Idan jikokina suka tambayi sunan kunkuru, ku ce musu sunansa Kunkuru.