Bakan Alhaji Ila

Laraba da dare, 11 ga Satumba

Yau Alhaji Ila ya tako ƙofata. Shi ɗin dai, yayan matata, wanda ranar sunan ɗana ya ture kwanon naman da na harbo, ya ce a gaban jama'a farauta aikin arna ce. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

To, birai sun far wa gyaɗarshi a gonarshi da ke ƙauyen Gabi, wai baka yake so, shi da bai taɓa ɗana kibiya ba.

Allah shaida ban cuce shi ba. Na miƙa mishi ƙarami mai taushi, irin wanda sabon hannu ke farawa da shi. Ya jujjuya shi, ya yatsine fuska.

"Wannan ai na yara ne, Ɗanjimma. Sauko mini da wancan."

Babban ya nuna, wanda ni kaina sai na cije nake jan shi.

"Alhaji, yana da tauri fa."

"Ni za ka gwada wa ƙarfi?"

Na sauko mishi da shi. Na faɗa sau ɗaya, na fita hakkinshi. Fatar da ake ɗaurawa a hannu don kada tsirkiya ta saɓule wa mutum fata tana nan rataye. Bai tambaya ba, ni ma ban yi tayi ba.

Asabar zai bi mu daji, a gaban maharba duka. Na riga na daka mishi maganin rauni irin namu na arna. Mu gani ko shi ma zai ture.