Na Ɗauki Tirenki Saboda Ƙwaƙwalwar Mota

Maman yara,

Na fita kina barci. Jiya motar ta sake mace mini a tsakiyar hawa, ga kaya fal a bayanta. Mai wayarin ya ce ƙwaƙwalwar da ke raba wa nozul mai ce take dahuwa, don a jikin inji aka ɗaure ta. Jiƙaƙƙen tawul ɗinki da nake lulluɓa mata ba magani ba ne.

Yau sai mun cire ta, mu ƙara waya, mu mai da ta gefe inda iska ke bugawa. Ba zan dawo ba sai an gama, na gaji da kwana a bakin titi.

Ya ce a samo alminiyon da zai tare mata zafi. Na duba gidan nan kaf, ban ga kamar babban tirenki na baƙi ba. Don Allah ki yi haƙuri, yanka shi za a yi.

Tawul ɗinki yana kan igiya, ya yi ritaya. Faɗan tire kuma ki ajiye mini shi da zafinsa, da kaina zan zo in karɓa.

Baban yara